Ran Bishiya Yana Ƙarƙashin Ɓawo

Mu da muka tashi tsakanin Ƙaraye da Rogo mun saba ganin maɗaci mai tabo a bakin hanya. Mai zazzaɓi ya sassaƙa, mai ciwon ciki ya sassaƙa, bishiyar tana nan tsaye. Amma ranar da sassaƙen ya zagaye gindinta ya haɗe, ta fara mutuwa ke nan, ko da ganyenta zai yi watanni yana kore.

Dalilin yana cikin yadda itace ke girma. Tsawo daga kan reshe yake zuwa, shi ya sa ƙusar da aka kafa a jikin ɗorawa ba ta hawa sama ko bayan shekara 20. Kauri kuwa aikin wani siririn shimfiɗi ne da ke ƙarƙashin ɓawo, wanda masana ke kira kambiyam. Ta ciki yana haifar da sabon itace mai jan ruwa daga saiwa zuwa ganye. Ta waje yana haifar da hanyar da abincin da ganye ya sarrafa ke bi ya sauka. Idan aka yanke wannan hanya ta kowane ɓangare, ruwa zai ci gaba da hawa, amma saiwa za ta mutu da yunwa.

Tsakiyar tsohuwar bishiya kuwa ta daɗe da daina aiki. Jan cikin ƙirya da masassaƙa ke nema don turmi, maƙera kuma don gawayi, mataccen itace ne, sai dai shi ke ɗauke da nauyin rassa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu masu rubuta manhajar kwamfuta. Kowace babbar manhaja tana da tsohon rubutu a can ciki wanda ba a cika taɓawa ba, sabon aiki kuma a kansa ake ɗorawa. Bambancin shi ne, mu muna ajiye kwafi, idan abu ya lalace mu dawo da shi cikin minti kaɗan. Bishiya ba ta da kwafi.

Ba duka suke ɗaya ba. Giginya da goruba ba su da wannan shimfiɗi, don haka raunin da aka yi musu ba ya rufewa. Kuka kuwa ana ɗaye ɓawonta a yi igiya, ta sake yin wani. Maɗaci, kaɗanya da ɗorawa ba su da wannan gata. Suna iya rufe ƙaramin rauni daga gefe a hankali, muddin an bar musu ɓawo mai haɗa sama da ƙasa.

Ba mu ce a daina neman magani ba. Roƙonmu ga mai gatari shi ne ya sassaƙa ta gefe ɗaya, kaɗan, ya bar wurin ya warke kafin ya dawo. Ɗorawar da ke ba mu kalwa da daddawa yau, wani ne ya bar mata ɓawonta tun kafin a haife mu.