Kirsimeti a hannun Zumuntar Mata

Baƙon da ya shigo cocinmu ranar 25 ga Disamba zai ga sababbin ɗinkuna, ya ji mawaƙa, ya ɗauka fasto ne ya shirya komai. Mu da muka tashi a ECWA mun san aikin Zumuntar Mata ne.

Tun Nuwamba suke karo-karo: wannan mudun shinkafa, waccan kwalbar manja, wata itace kawai, don shi take da shi. Shugabarsu tana da littafin sunayen gwauraye da marayu, kuma ba a ɗora tukunyar coci sai an sallame su. Bana da abinci ya yi tsada, sai da aka kai ruwa rana a kan anko. Masu jini a jika suna so, iyayenmu suka ce a sa kuɗin a buhun masara. Ni ina bayan iyayen, ko da yake yayata har yanzu ba ta huce ba.

Da safe mu matasa ke kai kwanukan abinci gidajen maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muka ci naman layyarsu. Akuyar ma mahaucin unguwa ake kira ya yanka, don su ci hankali kwance.