Ƙwallon Fatar Akuya

Jama'a, ni ɗan baduku ne. Tun ina ƙarami nake ganin mahaifina zaune a zaure da basilla da fata, amma da na shiga makaranta sai na ɗauki sana'ar nan abin kunya. Ya yi ya yi in koya, na ƙi. Abin da ya tuna mini da wannan kuwa wani wasa ne da na gani a ƙasar Sifen.

Karatu ya kai ni arewacin ƙasar, wato yankin mutanen Bask, waɗanda ƙasarsu ta ratsa har cikin Faransa. Wata ranar Litinin wani abokin karatuna ya ja ni garin Gernika kallon wasan da suke kira jai-alai. Ana faɗinsa hai-alai, ma'anarsa kuwa a harshensu bikin farin ciki.

Filin wasan dogon ɗaki ne mai bango uku, gaba da baya da hagu, tsawonsa ya haura mita 50. 'Yan kallo suna zaune ta dama, da raga tsakaninsu da 'yan wasa. Kowane ɗan wasa yana ɗaure da wani dogon kwando mai lanƙwasa a hannun dama, ko da bahago ne. Da shi zai cafe ƙwallo ya maka wa bangon gaba, abokin karawarsa kuma ya cafe a sama ko bayan ya taɓa ƙasa sau ɗaya. Wallahi ƙarar kawai nake ji, idona bai iya bin ƙwallon ba. Ba mamaki, domin a 1979 an auna jifan wani ɗan wasa, José Ramón Areitio, ya kai gudun kilomita 302 a sa'a guda. Shi ya sa kowa ke sanye da hular kwano.

Da aka tashi, abokina ya samo mini tsohon ƙwallo na riƙe. Girmansa kamar ƙaramin lemo ne, taurinsa kamar dutse. Cikinsa roba ce, an naɗe ta da zare, sa'an nan aka rufe da fatar akuya. Da na juya shi na ga ɗinkin, sai jikina ya yi sanyi. Ɗinkin hannu ne, irin wanda na taso ina gani a zaurenmu. Shi ma kwandon da hannu ake saƙa shi da tsagin kara a jikin itace.

Wasan nan ya zaga duniya. An buga wasan ƙwallon Bask a gasar Olamfik ta 1900 a Faris, aka kuma nuna shi a 1924 da 1968 da 1992. An kafa ƙungiyarsa ta duniya a 1929. Ya shiga Kuba da Meziko da Filifin da Amurka, inda aka buɗe babban fili a Miyami a 1926. To, amma a Amurka caca ce ta ɗauke shi a kafaɗa. Galibin masu cika filin lambobin da suka zuba wa kuɗi suke kallo. A 1988 'yan wasa suka shiga yajin aiki na kusan shekara uku, a shekarar kuma jihar Fulorida ta buɗe cacarta ta gwamnati. Masu caca suka sami wata ƙofa, filaye suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya hau dokin aro, ai ya san ranar sauka tana nan.

A gida kuwa wasan bai mutu ba. Ƙauyukan Bask da na ratsa, da wuya ka ga wanda ba shi da bangon wasa kusa da coci, yara suna ta bugu da tafin hannu. Amma abokina ya ce masu saƙa kwandon da masu ɗinka ƙwallon 'yan kaɗan suka rage, kuma yawancinsu sun manyanta. Na yi shiru, domin na san irin 'ya'yan da suka guje musu.

Da na komo gida na miƙa wa Baba ƙwallon. Ya juya shi, ya bi ɗinkin da farce, ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san fata." Na ce, "Baba, ko za a nuna mini yadda ake riƙe basilla?" Ya dube ni ya daɗe, sa'an nan ya gusa ya ba ni wuri a kan buzu.

Allah ya sa mu gane darajar abin da ke hannunmu tun masu shi suna raye, amin.