Tsingaron Kufai da Kusheyin Sarakuna

Manomi ne ya fara tono tudun Oseberg a ƙasar Norwe a shekarar 1903. Da masana suka haƙa wurin a 1904, sai suka tarar da jirgin ruwan katako na zamanin Vikin, wanda aka binne mata biyu a cikinsa a shekarar 834. Tare da su akwai kayan saƙa da bokitai da tukwanen girki. Waɗannan tarkacen gida sun bayyana rayuwar mutanen fiye da labaran yaƙe-yaƙensu.

Ƙasar Katsina ma tana da nata tuddan. Sunan Durɓi ta Kusheyi, a yankin Mani, ya riga ya faɗi abin da ke ƙasa, domin kusheyi jam'in kushewa ne. Palmer ya haƙa wurin a 1907, aka sake haƙawa a 1992. An sami tasoshin tagulla da awarwaron hauren giwa da 'yan kunnen zinariya da wuri, na tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Sai dai waɗannan kayan manya ne. Bayan haka, da Musulunci ya kafu, mamaci ya koma tafiya da likkafani kaɗai, kushewa ta daina adana kaya. Saboda haka mai neman tarihin talaka, sai ya nufi kufai.

A nan ne gonakin masara da auduga na Mahuta, tsakanin Funtuwa da Malumfashi, suke da abin cewa. Garmar shanu kan tono tsingaro, ko guntun dutsen niƙa, ko kashin maƙera, manomi ya tsince ya jefa bakin kunya. Ba laifinsa ba ne, don babu wanda ya taɓa gaya masa cewa zanen bakin tukunya yana nuna hannun da ya gina ta, kashin maƙera kuwa shaida ne cewa an taɓa narka tama a wurin.

Nazarin Hausa ya daɗe yana dogara da girgam da waƙa da labarin baka, alhali girgam sarakuna yake lissafawa, ba ya ambaton matar da ta yi niƙa. Ga tarakta tana zurfafa huɗa, tana farfasa abin da garma ta bari. Ya kamata ɗalibin da aka tura tattara karin magana a ƙauye ya tambayi dattawa sunayen kufan garinsu, ya rubuta inda suke, tun masu sanin wuraren suna raye.