Hausar da Ka Sha a Nono?

Ranar da na gaya wa Baba an ɗauke ni a Sashen Hausa, sai ya ajiye carbinsa ya ce, "Hausar da ka sha a nono za ka tafi jami'a ka koyo?" Shi likita ya so in zama. Wata biyu muka yi, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Ina cikin wannan hali na karanta tarihin Amy Tan, marubuciyar da aka haifa a Oakland ta Amurka a 1952. Iyayenta Sinawa ne da suka yi ƙaura. Ita ma likita mahaifiyarta ta so ta zama, ta kuwa zaɓi nazarin Turanci da kimiyyar harshe, akwai ma lokacin da suka yi wata shida ba sa magana. Ashe uwar 'ya'ya mata uku ta baro a ƙasar Sin a 1949. A 1987 Amy ta raka ta can, ta gana da su. Watau wanda ya yi babban rashi, abin da ya rage masa yake riƙewa gam.

Da na je hutu na tambayi Inna. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce yayata a hanyar asibiti ta cika, domin babu likita a garinmu. Ban taɓa ji ba.

'Yan'uwa ɗalibai, ban bar Hausa ba. Amma daren nan na sami Baba a zaure, na zauna. Can ya ce, "To, me ake koya muku?"