Mu 'Yan Damagaram da Dutsen Bagazam



Mu mutanen Zinder ba baƙin dutse ba ne. Cikin duwatsu aka kafa Birni, kuma duk wanda ya yi ƙuruciya a nan ya ƙuje gwiwa a kansu, ya sha faɗan uwa saboda yagaggen wando. Amma a tare mutum goma a kasuwar Dole a ce su faɗi dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijar, za a ji shiru. To, sunansa Bagazam, Abzinawa kuma suna ce masa Bagzan. Yana ƙasar Azbin, arewa maso gabashin Agadas. Ƙololuwarsa, wadda ake kira Idukal-n-Tagas, mita 2,022 take bisa teku, alhali garinmu bai kai mita 500 ba. Can arewa da shi akwai dutsen Girebun mai mita 1,944.

Sunan kam ba baƙo ba ne a kunnenmu. Tsofaffi sun san dokin Bagazam, irin dokin da sarakuna ke alfahari da shi. Unguwar Zango ma masaukin ayari ce tun asali: nan Abzinawan Kel Owi suke durƙusar da raƙuma da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da tufafi, kuma wannan ciniki na cikin abin da ya ɗaga Damagaram zamanin Sarki Tanimu. Yau ma albasa da tafarnuwa da kwambitar na garakan Azbin suna shiga tukwanenmu, lemun Timiya kuma yana zuwa mana lokacin sanyi. Mun daɗe muna cin albarkar dutsen nan. Lokaci ya yi da ƙafarmu za ta san shi.

Tafiyar ba ƙarama ba ce. Daga Zinder zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne, ta Tanut da Adarbisanat. Daga Agadas sai a bar kwalta, a kama hanyar burji da rairayi zuwa Tabelot, garin manoman albasa da ke gindin dutsen. Wanda ya iso nan da tunanin zai ga tsini guda kamar na hoton kalanda, zai sha mamaki. Bagazam katafaren tudu ne mai bango kewaye, sai ka ce ganuwar da Allah Ya gina da kansa. A bisansa akwai fili, akwai ƙauyuka da rijiyoyi da garake, akwai masallatai da awaki. Shekaru aru-aru mutanen can suna hawa da sauka da ƙafa, jakunansu ɗauke da kaya, ta wasu 'yan matsattsun hanyoyi da suka ratsa tsagogin duwatsu. Abin da baƙo zai kira jarumta, su zuwa kasuwa ne kawai.

Da muka je, tun da asuba muka kama hanya. Hawan farko shi ne mai cin rai: manyan duwatsu baƙaƙe, tsakuwa mai zamewa ƙarƙashin takalmi, ga numfashi yana gaza mutum. Samarinmu suka fara da gudu-gudu. Jagoranmu, wani dattijo Ba'abzine da ya rufe fuska da rawani, ya dube su ya ce, "Yarana, ku bi takun jakin nan. Ya fi ku sanin wurin." Haka kuwa aka yi. Jaki ba ya gaggawa, ba ya sa ƙafa inda bai tabbatar ba, in ya tsaya kuma da dalili. Kafin hantsi ya ɗaga masu gudun nan sun koma bayan jaki, kowa yana lissafin takunsa. Bayan an kai bisan tudun ma aiki bai ƙare ba, don ƙololuwar tana can gaba, sai an ƙara wani hawan cikin tulin duwatsu inda hannu ke taimakon ƙafa. Amma wanda ya kai ya juya, zai ga koramu sun yi zane a ƙasa kamar jijiyoyin ganye, garake kuma sun zama 'yan ɗigo-ɗigo kore. A nan baki kan mutu, sai dai tasbihi.

Abu uku dutsen ke tambaya ga duk mai son hawansa: ruwa, jagora, da lokaci.

Na ruwa da jagora, tarihi ya riga ya ba mu darasi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim har ya sauka Zinder a ƙarshen 1852, saura ƙiris bai iso ba. A watan Yulin 1850, kusa da Gat a ƙasar Libiya ta yau, ya ƙudurta hawa dutsen Idinen, wanda mutanen wurin ke cewa gidan aljannu ne. An hana shi, ya ƙi. Ya tafi shi kaɗai, ya hau, ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa. Ya kwana a jeji, ƙishirwa ta kai shi har ya tsotsi jininsa. Wani Ba'abzine ne ya bi sawunsa ya tsince shi rai a hannun Allah. Mutumin da ke da littattafai da taswira da ƙarfin ƙuruciya, ɗan ƙasa ne ya cece shi. Shi ya sa muke cewa kada wayar hannu ta ruɗi kowa. Waya za ta nuna maka inda kake, in caji bai ƙare ba, amma ba ta san wace rijiya ce ta ƙafe bana ba.

Na lokaci kuwa, watannin sanyi ne na hawa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sai dai sanyin can ba irin namu ba ne. Duk mita dubu da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri shida, kuma da dare a bisan duwatsun Azbin ruwa kan iya daskarewa. Wanda ya tafi da riga ɗaya da hula zai gane kurensa, sai da bargo da rigar sanyi da takalmi mai riƙe dutse. Da bazara zafi ke kayar da mutum. Da damina kuma haɗarin yana cikin koramu: sama tana iya zama garau inda kake, ruwan da aka yi can nesa ya gangaro ya cika busasshiyar korama cikin ƙiftawar ido. Ba mu manta ambaliyar da ta rusa gidaje a Agadas farkon Satumbar 2009 ba. Saboda haka ba a kwana cikin korama, komai laushin rairayinta.

Yanzu ga abin da ya sa muka ɗauko zancen. A Turai akwai tsaunukan Alp, inda dutsen Mon Blan ya haura mita 4,800. A 1786 aka fara kai wa ƙololuwarsa, kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kai ɗan ƙauye ne mai farauta da neman duwatsu masu ƙyalli. A 1821 mutanen garin Shamoni da ke gindinsa suka kafa ƙungiyar jagorori, tana nan har yau. Wato makiyaya da mafarauta suka mai da sanin hanya sana'a, uba ya koya wa ɗa, gari ya rayu da ita.

Azbin ma ta kama wannan hanyar. Akwai lokacin da baƙi ke cika Agadas kowane sanyi, jagorori da masu raƙuma da masu jakuna da maƙeran azurfa duk suna samu. Marigayi Mano Dayak, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa, da wannan sana'ar ya fara suna. A 1991 UNESCO ta sa gandun Azbin da Tenere cikin kayan gadon duniya, shekara guda bayan haka kuma ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗari. Tawayen shekarun 1990, da na 2007 zuwa 2009, da sace-sacen Turawa da suka biyo baya, suka tsinke zuwan baƙi. Daga 2014 kuma zinariyar Jado da Cibarakatan ta kwashe samari da yawa. Sanin hanyar dutse ba a rubuce yake ba, a ƙafar mutane yake. In dattijo ya rasu bai bi da yaro ba, wani sani ya tafi ke nan.

To me zai hana mu zama baƙin? Ba sai Bature ya sauka daga jirgi kafin jagora ya ci abinci ba. Ƙungiyoyin matasa, 'yan fada, malaman lakwal da ɗaliban jami'ar Zinder suna iya yin adashi shekara guda su tafi tare. Jikkunan da za su biya mai jaki da mai masauki sun fi kowace lacca amfani ga zumuncin Damagaram da Azbin. A fara horo daga gida: duwatsunmu na Birni suna nan, na Muniyo da na Kutus a yankin Gure suna nan. Kuma kada kowa ya tashi gaba-gaɗi. A tuntuɓi hukumomi a Agadas kan halin tsaro, a bi abin da suka ce, in sun ce a dakata a dakata. Dutsen ba ya gudu.

In an je kuma a tuna gidan mutane aka shiga. A yi sallama, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, kada a ɓata ruwan sha, kada a bar leda ko ɗaya a baya.

'Yan uwa, a cikinku wa ya taɓa hawa Bagazam, ko yake da kakan da ya bi ayarin Azbin? Ku ba mu labari mu ƙaru. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kai masu tafiya, Ya maido su gida lafiya.