Yadda Muka Ƙona Segar Baba, Muka Kuma Tayar Da Ita



A hutun da ya wuce Umma ta sa mu share ɗakin ajiya, ni da ƙanina. A ƙasan wata tsohuwar akwati muka ci karo da wani baƙin abu mai faɗi, duk ƙura, an rubuta Sega Mega Drive a jikinsa. Ga hannu biyu, ga kaset ɗaya na wasan Sonic. Umma ta ce na Baba ne, shi da marigayi ƙaninsa suka tara kuɗi suka saya suna samari, kuma kada mu taɓa.

Mun taɓa.

Ba mu ga adaftarta ba, sai muka ɗauko ta wata tsohuwar rediyo, tunda bakinta ya shiga daidai. Muna kunnawa muka ji wani ɗan ƙara, sai ƙaurin roba. Ƙanina har ya fara hawaye. Baba yana tafiya a lokacin, saura kwana goma ya dawo.

Washegari muka saka ta a buhu muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya dube ta ya yi dariya, ya ce, "Yara, wannan ai ta girme ku nesa ba kusa ba. A 1988 aka fara fitar da ita a Japan." Ya nuna mana wani ɗan zane a jikin adafta da ba mu taɓa lura da shi ba. Ashe wuta tana da gefen ƙari da gefen ragi, kuma wannan Sega ta farko tana son ragin ya kasance a tsakiyar bakin adafta. Tamu kuwa a juye take. Shigar baki kawai ba ya nufin ta dace.

Da ya kwance ta, ya nuna mana wani ƙaramin abu mai ƙafa uku, an rubuta 7805, wanda yake rage wuta zuwa bolt 5. Shi muka ƙona. Muka ce, "Baba, nawa ne?" Ya ce ba zai karɓi kuɗin aiki ba, amma mu za mu sayo kayan, kuma a gabansa za mu zauna. Kuɗin tararmu da muka daɗe muna ɓoyewa a asusu, ranar ya ƙare.

Shi ya yi aikin dalma, mu muka yi shara. Ƙanina ya ɗauki kaset zai hura masa iska, dattijon ya riƙe masa hannu, ya ce danshin baki ne ke lalata haƙoran kaset. Da auduga da sifirit ake gogewa. Haka muka goge robar da ke ƙarƙashin madannan hannu, har da na B da ya maƙale.

Ranar da Baba ya dawo muka faɗa masa gaskiya tun kafin ya gama cin abinci. Ya yi mana faɗa sosai. Bayan isha'i sai ya ce a jona masa ita a tsohuwar talabijin ɗin Kaka. Da muryar nan ta kira sunan Sega, ya yi shiru ya daɗe, sannan ya karɓi hannu.

Wasan Sonic na 1991 ba ya ajiye inda ka tsaya. Baba ya yi nisa sosai aka ɗauke wuta. Ya ce idan an kawo a tashe shi.