Guzurin Malamin Lamorde

Duk wanda ya haye gadar Kennedy daga tsakiyar Yamai zuwa tsallaken kogin Isa, zai tarar da Jami'ar Abdu Mumuni, gaba kaɗan kuma unguwar Lamorde. A nan wani malamin lissafi yake zaune, wanda kowace damina hankalinsa kan koma ga abu ɗaya: taron shekara na masu binciken basirar na'ura a Afirka, wato Deep Learning Indaba, wanda aka soma a Johannesburg cikin 2017.

Shekara da shekaru yana jin labarin taron daga nesa, sai a 2023 Allah ya nufe shi da halartar wanda aka yi a Akara. Ya ga matasa sun koya wa kwamfuta fassarar harsunan Afirka, har da Hausa. Murna ta kama shi, ya matsa gaban wata na'ura don ya jarraba ta. Da ya rubuta mata Hausar rediyo, ta fassara tiryan-tiryan. Da ya kawo mata irin maganar mahaifiyarsa, mutuniyar Adar, mai cewa “ɗiyata tat tahi” da “hwara”, sai ta shiga kame-kame. Hatta “ƴaƴa”, da aka rubuta da harafi mai lanƙwasa kamar yadda ƙa'idar Nijar ta tanada, ta ɗauke ta baƙuwar kalma, domin ta fi sabawa da “'ya'ya” irin ta Nijeriya.

Malamin bai ga laifin na'urar ba, don ya san sirrinta. Lissafi take yi a kan dubban dubatan jimlolin da aka ɗura mata, tana auna wace kalma ta saba bin wace. Galibin Hausar da ke intanet kuwa ta gidajen labarai ce da ta marubutan Kano. Abin da ba a rubuta ba, wajen na'ura tamkar ba a taɓa faɗarsa ba ne.

Ya dawo da niyyar naɗar muryar tsohuwar, tatsuniyoyinta da sunayen itatuwa da na cututtuka da take kira da bakin mutanen da. Amma ga darasi, ga gyaran takardun jarrabawa, ga maƙalar da yake son kai wa taron Dakar na 2024. Kullum sai ya ce, “Inna, bari a gama jarrabawa.” Ita kuwa takan ce, “Allah shi kai mu.” Kafin damina ta sake faɗuwa ta riga mu gidan gaskiya. Maƙalar ta samu karɓuwa, amma ko jimla ɗaya ta Inna ba ya da ita a ajiye.

Tun daga nan ya riƙa tuna mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa. Abdu Mumuni Dioffo ya yi karatun kimiyya mai zurfi a Faransa, amma da ya komo gida sai ya duƙufa kan binciken hasken rana, domin ita ce dukiyar da ƙasarsa take da ita a wadace. Ya san kayan aro ba ya rufe katara. Dukiyar da Lamorde ke da ita a wannan fage kuwa ita ce bakunan mutanenta, Fulani da Zabarmawa da Hausawa. A 2025 hukuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, lamarin da ya ƙara wa aikin nauyi, domin in na'urorin gobe za su yi wa talaka tafinta a asibiti ko a kotu, tilas su san Hausar da yake yi a gida.

Har yau malamin bai daina shirin taron shekara ba, sai dai guzurin ya sauya. Duk hutu yakan sallami ɗalibansa zuwa Tawa da Maraɗi da Dogon Dutsi da sharaɗi ɗaya: kowa ya nemi izinin kakarsa, ya naɗi hirarta ta awa guda, ya rubuta ta yadda ta fito daga bakinta, kada ya gyara ko da wasali ɗaya.